TSAKANINMU MATA: Aikin Muƙamuƙi, Kafin Biki Ko Bayan Biki?

Ina gaida duk waɗanda suka aiko da wasiƙu, waɗanda ba su ga tasu ba su yi mini haƙuri, suna nan a ajiye, layi ne bai zo kansu ba. Wannan karon wasiƙa ɗaya tak zan ɗauka, domin amsarta ba ta layi biyu ba ce.

Wata ƙanwata ce daga Madadi ta ƙasar Gwarzo, ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, na kuwa ji. Shekarunta 19. Ta ce tana 'yar shekara bakwai ta faɗo daga bishiyar mangwaro ta daki haɓarta da ƙasa, aka gasa wurin aka shafa man zafi, ciwo ya lafa kowa ya manta. Sannu a hankali baki ya riƙa ƙin buɗuwa, har ta kai yau ko ɗan yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin haƙoranta, tuwo sai ta mutsuke shi ta tura ta giɓin wani haƙori da ya fita, haɓar kuma ta ƙi girma, ta koma ciki ta karkace gefe guda. Kullum tana riƙe da gefen mayafi a baki. To yanzu Allah ya kawo mata manemi, wani tela ɗan Kabo, ya gan ta a haka ya ce ya ji ya gani, har an kai gaisuwa, manya na maganar sa rana bayan kaka. Shi ne ma ya matsa aka kai ta Asibitin Malam a Kano, likitoci suka yi hoto suka ce ƙashin muƙamuƙin ne ya manne da ƙashin kai, sai an yi aiki. Innarta ta ce ba da ita ba, wai wanda aka yi wa allurar barci don aikin fuska ba ya tashi. Kakarta kuma ta ce iska ce, a bar yarinya yadda Allah ya yi ta. Tambayarta uku ce: me za a yi mata, yaya za ta kasance bayan an yi, sannan a yi kafin biki ko a bari sai ta tare?

Allah sarki ƙanwata. Bari mu fara da maganar Kaka, tare da ganin girmanta. Ki sa yatsanki a gaban kunnen wata ƙawarki ki ce ta buɗe baki ta rufe, za ki ji wani abu yana motsi. Wannan ita ce gaɓar da muƙamuƙi ke juyawa a kanta, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan yaro ya faɗi a kan haɓa, ƙarfin faɗuwar can yake tafiya, kan ƙashin ya tsage, jini ya taru a cikin gaɓar, jikin yaro kuwa da saurin yin ƙashi, sai jinin nan ya daskare ya zama ƙashi ya haɗe sama da ƙasa. Kuma daga wannan wurin ne muƙamuƙin ƙasa yake yin yawancin girmansa, shi ya sa haɓarki ta tsaya sauran fuska ta wuce ta. Ciwon kunne mai ruwa da aka bari ba magani ma yana iya jawo haka. Bakin mai lafiya yana ɗaukar yatsunsa uku a jere, wajen milimita 35 zuwa 45 ke nan. Ki gaya wa Kaka cikin ladabi cewa abin da ya fito ɓaro-ɓaro a hoton asibiti ƙashi ne, ƙashi kuwa hayaƙi da shafe-shafe ba sa narkar da shi.

Kafin in ci gaba, akwai abin da nake so kowa ya gane, domin na san yanzu haka maƙwabta sun cika wa Inna kunne da labarin wane da aka ɗaure wa baki da waya wata guda da rabi. Aikin muƙamuƙi ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya yi haɗarin babur ya karya muƙamuƙi, shi ne sau da yawa ake ɗaure wa haƙoran sama da na ƙasa sati huɗu zuwa shida don ƙashi ya kama. Akwai kuma wanda aka haifa muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce gaba, ko na sama ya turo har leɓe ba ya rufuwa, shi sai ya gama girma, a sa masa wayar gyaran haƙori shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan a yanka ƙashin ta cikin baki a matsar da shi a ɗaure. Naki kuwa ƙanwata akasin ɗauri ne, buɗe shi za a yi, kuma ba a son ya sake zama a rufe ko na kwana kaɗan.

Tun kafin ranar za su yi ta aiken ki gwaje-gwaje, kada ki gaji. Hoton ƙashi na na'ura mai zagaya kai, awon jini, awon sikila, awon ciki ga duk mace ko budurwa ce, kada ki ji an ci miki fuska, doka ce ta ɗakin tiyata. Za su iya cewa a tanadi jini, to yayyenki maza da shi telan su shirya hannuwansu. Duk wani magani da kike sha ki faɗa, har da jiƙo da tsimi da na islamik kemis, domin akwai masu tsinka jini. Ki dage da ci tun yanzu ki ɗan yi ƙiba, don bayan aiki sai kin rame, wannan babu makawa. Daren aiki za a hana ki abinci aƙalla awa shida, kada tausayi ya sa Inna ta ba ki koko da asuba a ɓoye, wannan tausayin yana kisa, domin abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu mutum na barci. Sai 'yan abubuwa namu na mata: a yi miki kitso shuku ko duk wanda zai kwashe gashi daga gefen kunne, don za a ɗan aske wajen. A cire ɗan kunne da ɗan hanci da kwalli. Kada ki ce za ki sha baƙin lalle a farce don za ki birni, akwai wani ɗan abu da suke maƙala wa yatsa yana nuna musu yawan iskar da ke jini, baƙin lalle da jan farce suna iya rikita shi.

Tsoron Inna kuwa ba a banza yake ba, kada ki yi mata dariya. Duk wanda za a sa barci mai nauyi sai an zura masa robar numfashi, yawanci ta baki, to ke bakin ba ya buɗuwa. Wannan ita ce wahalar aikinki, kuma likitocin barci sun san da ita tun kafin ki shiga. Ko dai su bi ta hanci da wata siririyar roba mai ido a bakinta suna kallon hanya, kina ɗan sama-sama ba ki gama yin barci ba, ko kuma su yi 'yar ƙofa a maƙogwaro su sa roba ta kwanaki, in an cire ta wurin ya haɗe da kansa ya bar ɗan tabo. Ki tambaye su wacce za su yi miki tun da wuri don kada ki farka ki firgita. Dalilin ke nan da ya sa irin wannan aiki sai babban asibiti kamar na koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, inda akwai sashen tiyatar baki da fuska. Duk wanda ya ce zai yi miki shi a wani ɗan shago da araha, ki tattara zaninki ki gudu.

Shi aikin kansa ba za ki san an yi ba. Za su tsaga gaban kunne su ɗan haura cikin gashi, su yanke ƙashin da ya haɗe su bar fili, sannan su shimfiɗa wani abu a tsakani don kada ƙashi ya sake taɓa ƙashi, yawanci tsokar gefen kai ce suke juyo da ita, ko ɗan kitse daga jikinki. Wani lokaci, musamman ga yara, sukan ɗauko ɗan guntun haƙarƙari su yi sabuwar gaɓa da shi. Awoyi ake yi, saboda haka masu jira a waje su riƙe carbinsu su daina leƙe. Gyaran haɓa kuma wani zubi ne, wasu likitocin sukan haɗa rana ɗaya, wasu su ce sai baki ya saba da buɗuwa tukuna. Ta cikin baki ake yanka ƙashin a jawo shi gaba a ɗaure da 'yan faranta da kusoshi na wani ƙarfe mai suna titaniyam, ba ya tsatsa, kuma yawanci a nan ake barin sa har abada. Akwai ma dabarar da ake sa wani ɗan ƙarfe ana murɗa shi kullum, ƙashi yana ƙaruwa da milimita ɗaya a rana har ya kai inda ake so. Ikon Allah ke nan da ya sanar da bayinsa.

To yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Kin san yadda ake yi a finafinan Indiya, a kwance wa yarinya bandeji a hankali ana kiɗa, a miƙa mata madubi, sai ga fuska sumul kamar wata daren sha huɗu, saurayi ya zube yana hawaye? Ki cire wannan daga ranki. Za ki farka da ciwon maƙoshi, da ƙishi, da ƙarin ruwa a hannu, wataƙila da wata 'yar roba a gefen kunne tana tsiyayar da jini. Fuska za ta kumbura, kumburin kuma ƙaruwa yake yi har kwana na biyu zuwa na uku, ranar nan in kin duba madubi sai kin ce da ma ba a yi ba. Ni shawarata Inna ta ɓoye madubin a jakarta sai an yi sati. Daga nan zai fara saɓewa, sati biyu zuwa uku mafi yawansa ya tafi, ragowar kuma a hankali har watanni. Ki kwanta da filo biyu ko uku kai a sama. Kwana biyun farko sanyi ake sa wa, ƙanƙara a naɗe a tsumma. Na san halin iyayenmu, da an ga kumburi sai a ɗora ruwan zafi a kawo tawul, to a dakata da gashi sai likita ya ce a yi.

Za ki iya jin leɓenki na ƙasa da haɓa kamar ba naki ba idan an taɓa wajen, ki sha abu yana zuba ba ki sani ba, yawu ma haka. Jijiyar wurin ce ta sha ja, takan farfaɗo cikin makonni ko watanni, ko da yake akwai waɗanda ɗan wuri yakan zauna musu haka. Don haka ki riƙa gwada zafin kunu a bayan hannu, kada ki ƙone leɓe ba labari. Girar gefen da aka yi aiki ma tana iya ƙin ɗaguwa na wani lokaci, domin jijiyar motsin fuska ta nan gaban kunne ta ratsa. Sannan akwai wani baƙin ciki da yakan sauko wa mutum a satin farko, ga rashin barci ga yunwa ga fuska ta zama wata iri, sai ki ga kina kuka ba wanda ya taɓa ki. Ki yi kukanki, yana wucewa. Amma fa in da hali telan nan ya tsaya a gaisuwar waya da aiko da madara har a kwana bakwai, ba don zai gudu ba, don ke ki samu sakewa.

Abinci kuwa mu Hausawa Allah ya rufa mana asiri, ba sai an sayo na gwangwani ba. Kunun gyaɗa da madara, koko, fura da nono a dama ta ruwa-ruwa a tace, romon kaza ko na ƙashi, ayaba da gwanda a murje. Kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a rana, da ƙaramin cokali ko sirinji in ya kama. Kada a tsaya a koko zalla, ciwo ba ya warkewa da gasara, sai an haɗa da wake da ƙwai da nono da gyaɗa. In an kwana biyu a koma faten wake da faten dankali, dafaffen ƙwai a farfasa, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka wadda za ta wuce ba gardama. Yaji da tsami a rage, suna cin ɗinki. Su kilishi da tsire, ƙuli-ƙuli, aya, rake, goruba, ƙanzo, duk ki yi musu sallama har sai likita ya sake ki, domin ƙashi yana son wajen sati shida kafin ya kama, warkewa sosai kuma har wata uku. Na san shekara goma sha biyu kina kallon mutane suna yagar nama, ƙara haƙurin sati shida ba zai gagare ki ba.

Bayan kowane ci ki kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ko ruwan kurkura da za su rubuta miki. Asuwaki a ajiye tukuna, a nemi ƙaramin buroshi na yara mai taushi. Kuma kada ki yi mamaki in an ce haƙoranki na ciki sun lalace sai an cike wasu an cire wasu, wurin da buroshi bai taɓa shiga ba ke nan. Idan an taɓa muƙamuƙin sama, ba a fyace majina sati biyu. Sujada in tana sa jini ya taru a fuska, ki tambayi malami yadda marar lafiya ke salla, addini ya yi sauƙi. Abubuwan da ba a kwana da su a gida kuwa: jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi mai zafi, kumburin da ya dawo bayan ya saɓe, ruwa mai wari daga ɗinki, da wahalar numfashi. A fara garzayawa babban asibitin Gwarzo in dare ne, a kuma kira lambar da likitocinki suka bayar.

Sai babbar magana, wadda in kin manta komai kada ki manta ta. Likita rabin aikin yake yi, rabin naki ne. Ƙashin nan da aka raba so yake ya koma ya haɗe, tsokokin da suka yi shekaru ba su miƙe ba su ma so suke su koma yadda suka saba. Don haka cikin 'yan kwanaki da yin aiki za a fara sa ki motsa baki. Za su ba ki 'yan katakai falle-falle irin wanda likita ke danne harshe da shi, ki jera su ki cusa tsakanin turamen haƙora, ki riƙe na ɗan lokaci, gobe ko jibi ki ƙara ɗaya. Sau da yawa a rana, kullum, wata shida har shekara, wani ma fiye. Wallahi da ciwo, ba zan ɓoye miki ba, ki sha maganin ciwo kafin ki fara. Da yawa daga cikin waɗanda bakinsu ya sake rufewa a nan suka faɗi, an ji sauƙi an koma gida, uwa ta ga 'yarta na hawaye ta ce bar shi haka nan, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya, kuɗi sun tafi wahala ta tafi a banza, aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya. Ki samu littafi ki riƙa rubuta katako nawa suka shiga yau. Ki kuma nemi mutum ɗaya mai taurin zuciya a gidanku, yaya ko gwaggo, ya zama shi ne mai tsare ki.

Wannan ne ya kawo mu tambayarki ta uku. Ni dai a ganina a yi aiki tukuna, a ɗaga biki aƙalla wata shida. Amarya ba ta da lokacin kanta, ga baƙi ga girki ga dangin miji masu zuwa ganin ɗaki, ina za ki zauna da katako a baki yawu na zuba a gaban uwar miji? Kunya kaɗai za ta sa ki daina. Ga zirga-zirgar komawa asibiti, daga Madadi ki fito Gwarzo ki hau motar Kano, kusan kilomita 70, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Uwa uba in Allah ya kawo rabo da wuri, ba a yi wa mai ciki irin wannan aiki, daga ciki sai goyo, daga goyo sai wani cikin, sai ki ga shekara goma ta wuce. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, macen da bakinta ba ya buɗuwa in haihuwa ta zo da gardama aka buƙaci sa ta barci cikin gaggawa, tana cikin haɗarin da ya fi na sauran mata. Wannan ki gaya wa Inna, ina jin shi zai fi ratsa ta. Ranar komawa asibiti ki tafi da ita da shi manemin, su ji daga bakin likita, a kuma rubuto muku kuɗin komai dalla-dalla. In ya kama a taɓa kuɗin kayan ɗaki a taɓa, gado da kujeru da jeren kwalla ba sa gudu. Shi kuma malam tela, wanda ya ce ya ji ya gani tun ana rufe baki da mayafi, ba na jin wata shida za su dame shi. Amma a gaya masa gaskiya: buɗuwar baki da cin abinci da magana sosai ake nema da farko, kyan haɓa yana biyo baya, kuma fuskar ba lallai ta daidaita ɗari bisa ɗari ba. Tabon gaban kunne kuwa siriri ne, ɗankwali ma ya ishe shi.

Iyaye mata, ku ma ga naku. Yaron da ya faɗi a kan haɓa, ko da bai yi jini ba, in kun ga yana ƙin tauna ko bakinsa na raguwa, a kai shi a yi hoto. Sannan akwai wata cutar da ke kulle muƙamuƙi wadda ta fi faɗuwa muni, ita ce noma, mai zaizayar baki, da wasu ke ce wa ciwon iska ko ciwon daji. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga dasashi take farawa, jini da wari da kumburin kumatu, cikin 'yan kwanaki ta huda fuska. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, in aka tsaya jiƙe-jiƙe kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma ba sa kai labari. Waɗanda suka rayu da tabo ko kullallen baki akwai asibitinsu na musamman a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitocin nan ta Na-Gari-Na-Kowa ta shiga aikinsa a 2014, an kuma buɗe wata cibiyar a Abuja a 2023. A watan Disamba na shekarar ne Hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan. Su aikinsu sai ciwon ya warke sarai yaro ya murmure, kuma zubi-zubi ake yi, wani sau biyu wani sau huɗu ko fiye. Wata baiwar Allah Mulikat Okanlawon da ta sha irin waɗannan ayyuka a Sakkwato ta zama ma'aikaciya a asibitin, har mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 da suka yi fice a harkar lafiya a 2024. In kun san gidan da aka ɓoye irin wannan yaro a ƙuryar ɗaki, a karanta musu wannan shafi.

Masu wasiƙu kan rikicin lefe da na ce zan taɓo, ku tara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ƙanwata ta Madadi, ki rubuto mini ranar da katako goma suka shiga.